Darasi na 18: Mazari, Tafkin Lambu da Kurmi

1. Wane ne mazari?

Kowa ya san mazari. Ba mazarin da mata ke kaɗin auduga da shi muke nufi ba. Muna nufin ƙwaron nan mai dogon jiki siriri, wanda ke shawagi a bakin tafki da damina. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai ruwan ɗorawa. Yara sukan kama shi su ɗaura masa zare su yi wasa. Manya kuwa ba su kula da shi ba.

To, yau za mu kula da shi, gama ma'aikaci ne wanda ba ya karɓar lada.

Mazari yana da ƙafa 6 da fiffike 4. Idanunsa biyu manya ne, sun kusa rufe kansa duka. Kowane ido ƙananan idanu ne dubbai a haɗe, shi ya sa yana ganin gaba da gefe da sama a lokaci guda. Ba ya harbi kamar zuma ko rina. Ba shi da dafi. Ba ya cin hatsi, ba ya cin ganye. Abincinsa ƙwari ne kaɗai: sauro, da ƙuda, da shinge, da ƙananan ƙwarin da ke tashi bisa shuka. A sama yake cafke su da ƙafafunsa, yana cikin tafiya.

Masana sun ƙidaya irin mazari fiye da 6,000 a duniya. A shekarar 2021 suka ba da labari cewa kimanin 16 cikin kowane 100 na waɗannan iri suna cikin haɗarin ƙarewa. Babban dalili shi ne mutane suna cike fadamu da tafkuna, suna kuma ɓata ruwansu.

2. Yadda mazari ke girma

Mazari ɗan ruwa ne tun kafin ya zama ɗan sama. Ku dubi macen a kan tafki. Za ku ga tana sauka, tana taɓa ruwa da ƙarshen jelarta, tana tashi. Ba ruwa take sha ba. Ƙwai take sakawa.

Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa ba ya kama da uwarsa ko kaɗan. Wata 'yar halitta ce mai launin laka, mai ƙafa 6, ba ta da fiffike. Za mu kira ta ɗan mazari. Yana zaune a ƙarƙashin ruwa, cikin taɓo ko a jikin ciyawa.

Ɗan mazari maharbi ne. Leɓensa na ƙasa dogo ne, yana naɗe a ƙarƙashin haɓarsa, da ƙugiya biyu a bakinsa. In tsutsar sauro ta gifta, sai ya miƙa leɓen farat ɗaya, ya cafko ta. Haka yake yi dare da rana. Yana girma yana saɓa, kamar yadda maciji ke yi, har sau goma ko fiye.

In ya isa, sai ya hau karan ciyawa ya fita daga ruwa, galibi da dare ko da asuba. Bayansa ya tsage, mazari ya fito. Ya jira fikafikansa su bushe, sa'an nan ya tashi. In kun duba ciyawar bakin tafki da sassafe, za ku ga ɓawon da ya bari a manne.

Ku riƙe abu uku daga wannan. Mazari yana bukatar ruwa mai tsabta domin ƙwai. Yana bukatar ciyawar cikin ruwa domin 'ya'yansa su ɓuya. Yana bukatar kara tsayayye domin ya hau ya fito. In babu ɗaya daga cikin ukun nan, babu mazari.

Akwai wani irin mazari mai ruwan ɗorawa wanda kukan gani da yawa a sama bayan an yi ruwa. Wannan matafiyi ne, damina yake bi daga ƙasa zuwa ƙasa. Ɗansa yakan girma cikin ƙasa da wata biyu, kafin kududdufi ya ƙafe. A shekarar 2009 wani masani ya nuna cewa irin wannan mazari yakan taso daga ƙasar Indiya, ya ƙetare teku fiye da mil 2,000, ya sauka a gabashin Afirka. Ikon Allah ke nan.

3. Ruwa mai rai da mataccen ruwa

Wani zai ce, "Malam, kullum malamin tsabta yana faɗa mana mu cike ramuka domin sauro. Yanzu kuma ka ce mu haƙa tafki?"

Wannan tambaya ce mai kyau. Malamin tsabta yana da gaskiya. Sauro shi ke kawo zazzaɓi, zazzaɓi kuwa yana kashe yara ƙanana da mata masu ciki. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022, kimanin ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya suke. Ba abin wasa ba ne.

Amma ruwa iri biyu ne. Akwai ruwan da ya kwanta a sawun shanu, da fasasshiyar tukunya, da tsohuwar taya, da gwangwani, da ramin da aka ɗebi ƙasar gini jiya. Wannan shi ne mataccen ruwa. Babu mai gadi a cikinsa. Sauro ya saka ƙwai, bayan kwana 10 ko ƙasa da haka sabon sauro ya tashi, ba wanda ya taɓa shi. Irin wannan ruwa a zubar, a cike ramin.

Akwai kuma ruwan da ya daɗe, wanda ke da 'ya'yan mazari, da buzuzun ruwa, da ƙananan kifi. Wannan shi ne ruwa mai rai. Tsutsar sauro tana shan wuya a cikinsa, gama maƙiyanta sun yi yawa.

An gwada wannan a ƙasar Bama, inda sojojinmu suka je yaƙi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu ana kiran ƙasar Miyanma. A birnin Yangon mutane suna ajiye ruwa cikin manyan randuna, wani irin sauro kuwa yana haihuwa a ciki. Sai masana suka riƙa zuba 'ya'yan mazari cikin randunan wata unguwa, da yardar masu gidajen. Sauron ya ragu ƙwarai. An buga wannan labari a shekarar 1990.

Duk da haka, kada kowa ya ce mazari ya ishe shi. Mazari mataimaki ne kawai. Ku ci gaba da kwana cikin gidan sauro. In yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti ran nan.

4. Yadda ake haƙa tafkin lambu

Mai lambu yana bukatar wurin tara ruwa. In ya yi shi da dabara, zai sami ruwan ban ruwa, ya kuma sami ma'aikata. Ga yadda ake yi.

Na ɗaya, zaɓen wuri. A nemi inda rana ke samu aƙalla rabin yini, gama mazari yana son rana. Kada a haƙa a gindin itace, domin ganye zai zuba ya ruɓe, ruwan ya yi wari. A nisanci salga da turken dabbobi da juji. A nisanci ɗakin kwana.

Na biyu, girma. Tsawon taki 4 da faɗin taki 3 ya isa. Tsakiya ta yi zurfin ƙafa 2 zuwa 3, domin ruwan ƙasa ya zauna da sanyi a lokacin zafi.

Na uku, siffa. Kada a haƙa shi tsaye kamar rijiya. A yi shi kamar kasko, bakinsa ya gangara sannu sannu. Ta haka tsuntsu zai sha ruwa, kwaɗo ya fita, bushiya in ta faɗa ta hau.

Na huɗu, daɓe. In ƙasar jigawa ce, ruwa zai tsiyaye. Sai a kawo yumɓu irin na masu ginin tukwane, a shimfiɗa kaurin inci 6, a jiƙa, a tattake da ƙafa sosai kamar ana kwaɓin ƙasar gini. Kada a bari ya bushe ya tsage kafin a zuba ruwa.

Na biyar, ruwa. Ruwan sama ya fi, ruwan rijiya ma ya yi. Da rani a riƙa ƙarawa kowane mako. In kana ɗiban ruwan ban ruwa, kada ka kwashe duka. Ka bar rabi, gama 'ya'yan mazari suna ciki.

Na shida, shinge. A kewaye tafkin da ƙaya ko danga, a sa ƙyaure. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa cikin ruwan da bai kai gwiwa ba. Shingen kuma zai hana shanu shiga, su bar sawun da sauro ke so. Kada a zuba ruwa sai an gama shinge.

5. Abin da za a sa, da abin da ba za a sa ba

A dasa bado a tsakiya. Ganyensa inuwa ne ga na ƙasa, wurin hutawa ne ga na sama. Amma kada ya rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ruwan. A gefe guda a dasa ciyawar fadama mai tsayuwa, irin su gemun kwaɗo. In ta yi duhu da yawa a rage ta, domin ciyawa mai cunkoso mafakar tsutsar sauro ce. A kafa karan dawa 4 ko 5 a baki. A kansu namijin mazari zai tsaya yana gadin wurinsa. A ajiye 'yan duwatsu da guntun kututture.

Kada a sa kainuwa. Takan rufe ruwa ruf, kuma akwai wani irin sauro da tsutsarsa ke manne wa saiwarta. Kada a sa kacala. Mutanen fadamar Haɗejiya da Nguru sun san ɓarnarta, gama ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su.

Kada a sa tarwaɗa. Za ta cinye 'ya'yan mazari da 'ya'yan kwaɗi, ta dama ruwan. Kada a wanke tukunyar feshin magani a tafkin ko kusa da shi. Maganin ƙwari ba ya tambayar wane ne aboki, wane ne maƙiyi. Kada sabulu ya shiga. Kada takin zamani ya gangara ciki, domin gansakuka za ta rufe ruwan.

Ba sai ka kamo mazari ka kawo ba. Shi da kansa zai zo, gama daga sama yake hango ƙyallin ruwa. Buzuzun ruwa ma tashi suke yi da dare. Kwaɗi za su iso da ruwan fari.

Amma ku lura: sabon tafki ba shi da masu gadi tukuna, sauro kuwa shi ne baƙon farko. Saboda haka kowane mako ka ɗebi ruwa daga gefe da farin kwano, ka duba. Tsutsar sauron zazzaɓi takan kwanta a miƙe a saman ruwa. Ta sauran sauro takan rataya, kai a ƙasa. In ka ga suna da yawa mako biyu a jere, ka sa 'yan ƙananan kifi irin na rafinku, ko kuwa ka kwashe ruwan ka zuba wa shuka, ka sake sabo. In ka ga ba za ka iya wannan dubawa ba, gara kada ka haƙa tafkin. Rigakafi ya fi magani.

6. Tsargiya

Akwai wata cuta da ke bin ruwan tafki, watau tsargiya, mai sa fitsarin jini. Ga yadda take yawo. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya fita tare da fitsarin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin ya shiga jikin wata 'yar katantanwa ta ruwa, ya hayayyafa. Daga nan ya fito, ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan.

Kun ga cutar tana bukatar abu uku: fitsari, da katantanwa, da mai shiga ruwa. To, a hana ta ukun. Ba a fitsari ko bayan gida kusa da tafkin lambu. Ba a wanka a ciki, ba a shiga da ƙafa, da guga ake ɗiba. In za a dasa bado daga wani tafki, a wanke shi da ruwan rijiya, a duba ganye da saiwa, a cire katantanwa da ƙwanta. Ruwan tafki na shuka ne, ba na sha ba ne.

7. Kurmi

Tafki shi kaɗai rabin aiki ne. Sabon mazari in ya fito daga ruwa, jikinsa da laushi. Yakan bar bakin ruwa ya tafi cikin itatuwa da ciyayi, ya yi kwanaki yana ci yana ƙarfi, kana ya komo. Tsuntsaye suna bukatar wurin sheƙa. Lambu kuma yana bukatar abin da zai tare masa iskar hunturu. Saboda haka a bar ɗan kurmi a gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, nesa kaɗan da ruwan.

Ba lalle sai an sayi dashe ba. Ku dubi gonakinku. Akwai kututturan kalgo, da sabara, da magarya, da gawo, waɗanda ke toho kowace shekara, ku kuwa kuna sassabe su. Saiwarsu tana da rai, ta kuma yi nisa a ƙasa. Itacen da ya tashi daga irin wannan saiwa ya fi dashe saurin girma da jure fari.

Manoman jihar Maraɗi a ƙasar Nijar sun kama wannan hanya tun daga shekarar 1983 zuwa gaba. Suna kiranta sassabin zamani. Ga yadda ake yi. A kowane kututture ka zaɓi tohon da ya fi ƙarfi da miƙewa, guda 2 zuwa 5. Ka sare sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi. Ka rage rassan ƙasa. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Abin da ka sare makamashi ne da abincin awaki. Da wannan dabara itatuwa suka komo a gonaki kimanin eka miliyan 12 a Nijar. Gani ya kori ji.

Kurmi mai kyau hawa uku ne. Akwai manyan itatuwa a sama, kamar gawo, da tsamiya, da kanya, da ɗorawa, da ɓaure. Akwai ƙananan itatuwa a tsakiya, kamar magarya da sabara. Akwai ciyawa da busasshen ganye a ƙasa. Kowane hawa da masu zama a cikinsa. Kada a share ƙasan kurmi fes kamar tsakar gida. A bar mataccen gungume ɗaya ko biyu, amma nesa da gida da hanyar yara, saboda maciji da kunama. A yi kewayen wuta da kaka. Kada a sa wa kurmi wuta domin farautar gafiya.

8. Baƙin da za su zo, da aikin kowa

Kwaɗo yana fita da dare ya ci ƙwari da tsutsotsin lambu. Bushiya ma haka. Balbela tana cin fara. Shamuwa, wadda ke zuwa gab da damina, tana cin fara da tsutsa. Mujiya tana cin ɓeraye da ke ɓarna a rumbu. Kada a jefe ta, tsuntsuwa ce kamar sauran tsuntsaye.

Jemage iri biyu ne. Ƙananan suna cin ƙwari da dare. Manyan suna shan zaƙin fure, su ne kuma ke kai garin fure daga itace zuwa itace a jikin ɗorawa da kuka. Da taimakonsu ake samun kalwar daddawa. Zuma tana yi wa kabewa da kankana irin wannan aiki. Gawo yana fure bayan damina, lokacin da fure ya yi wuya. Wanda ya ɗora amya a kurmi zai sha zuma.

A gaya wa yara su daina harbin tsuntsu da danƙo a bakin tafki, su daina ɗaure mazari da zare. A nuna musu ɓawon ɗan mazari a jikin ciyawa, a bayyana musu abin da ya fito daga ciki.

9. Aikin shekara

Da bazara a haƙa, a daɓe, a yi shinge. Da damina a dasa bado da ciyawa, a fara duba ruwa da farin kwano. Da kaka a yi kewayen wuta, a gyara tohon itatuwa. Da rani a ƙara ruwa, a kwashe ganyen da ya zuba. Abin da aka kwaso daga ruwa a bar shi a baki kwana ɗaya, domin 'yan halittun da ke ciki su koma.

In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a yi gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sanar da mai unguwa, a nemi shawarar malamin gona da malamin tsabta tun kafin a sa fartanya. Shekarar farko za ku ga kaɗan. Shekara ta uku za ku ga da yawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Mene ne abincin mazari?
2. Ina ɗan mazari yake zama kafin ya yi fiffike?
3. Faɗi abu uku da mazari ke bukata.
4. Mene ne bambancin ruwa mai rai da mataccen ruwa?
5. Don me ake yi wa tafki shinge kafin a zuba ruwa?
6. Ta yaya tsargiya ke shiga jikin mutum?
7. Yaya ake yin sassabin zamani?

Aiki

Rubuta wannan a littafinka sau uku: Mazari abokin manomi ne.

Rubuta sunayen itatuwa biyar da ke toho a gonarka.

Lissafi: Mutum 6 sun yi gayya. Kowa ya kawo kwandon yumɓu 8. Kwando nawa ke nan duka?

Kafin aji na gaba, kowa ya zaga gidansa ya ƙidaya wuraren da mataccen ruwa ya kwanta, ya zubar ko ya cike, ya zo ya faɗa wa aji guda nawa ya samu.